Taku Huɗu Zuwa Ƙwan Kunkuru

Hanwa, Sabon Gari, Zariya
12 ga Oktoba

Zuwa ga amaryata Ƙauna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya. Ni dai gwiwar nan tana nan da halinta, kunnuwa kuma sun ƙara nauyi, shi ya sa na ce kada ki wahalar da kanki da kirana a waya. Uwarki Scholastica lafiya lau. Ɗalibai sun dawo Samaru, tukunyarta ba ta sauka daga wuta.

Wasiƙarki ta iso ranar Laraba a motar kifi. Callistus direba ya ajiye ta a rumfar Maman Remi mai kifi kamar yadda kuka shirya, na je da ƙafata na karɓa. Warin banda take yi, amma ban taɓa riƙe takarda mai ƙanshinta ba. Shekarata saba'in da ɗaya, sai yanzu aka rubuto wasiƙa da sunana a bayanta, na buɗe da hannuna, na karanta da bakina, babu wanda ya tsaya a kaina. Shekara uku ina zama a bencin yara a ajin yamma na coci, ana leƙowa ta taga ana dariya. To, ga ranarta ta zo.

Hotunan nan uku na jingina su a jikin rediyo. Farin nan mai dogon wuya zalɓe ne, ko a rafin Kubanni muna da shi, kada ki yi mini burga. Amma wancan mai jan baki ya ɗaure mini kai. Yaya za a yi bakin ƙasa ya fi na sama tsawo? Da na ce tsohuwar kyamarar da kika saya wurin Amaechi mai hoto ce ta karkace, sai na karanta inda kika ce haka Allah ya yi shi, yana tafe dab da ruwa yana tsaga shi da baki kamar garma. Na yi shekara talatin da ɗaya ina lebura a gonar gwaji ta Samaru, ban san akwai manomi a kan ruwa ba.

Gwamnati ta tura ki bautar ƙasa ki koyar da yara, ba ki bi tsuntsaye cikin laka ba. Amma ki ci gaba da turowa. Kada dai ki shiga ruwan nan ya wuce gwiwa.

Angonki,
Mordecai

*

Bakin Teku, Jihar Ondo
22 ga Oktoba

Angona tsoho mai ran ƙarfe,

Na gaishe ka, na gaida gwiwa. Ina lafiya, sauro ne kawai ya mai da ni gonarsa. Rubutunka ya gyaru sosai, ka gaida mini Malam Bernard na ajin yamma.

Kaka, zauna da kyau kafin ka ci gaba. Akwai wani tsohon masunci a nan, Baba Kehinde, shi yake kai ni tsibirin yashi a kwalekwalensa in ɗauki tsuntsaye. Ranar Lahadi da asuba, gari ya fara haske, muna tafe a bakin ruwa sai ya riƙe mini hannu. Ga wani sawu a kan yashi kamar na tayar tarakta, ya fito daga teku ya haura. A ƙarshensa macen kunkurun teku ce, faɗin bayanta ya kai babban faranti na biki. Ta gama saka ƙwai, tana tura yashi da ƙafafun baya tana daddaɓe shi. Ruwa na zuba daga idonta kamar mai kuka. Ban matsa kusa ba, na durƙusa daga nesa na ɗauke ta hoto. Ta ja jiki ta koma ruwa, ko waiwaye babu.

Baba Kehinde ya ce yana yaro sukan zo da yawa, yanzu shekara biyu bai ga ko ɗaya ba, domin duk wadda ta saka, kafin rana ta yi an haƙe ƙwan an kai kasuwa. Muka yanko ganyen kwakwa muka share sawun tas, har namu. Ya ce kwana hamsin da 'yan kai za su ƙyanƙyashe, idan babu wanda ya sani. Ya sa na ɗaga hannu na yi masa alkawari.

Na je garin Igbokoda na wanke hoton guda ɗaya tak. A bayansa na rubuta rana da alamar wurin, kamar yadda Amaechi ya koya mini a yi wa kowane hoto. A nan danshi yana cin takarda, kuma yara suna shiga ɗakina, don haka kai ne akwatina.

Ka gaida Mama.

Amaryarka,
Ƙauna

Af, na kusa mantawa. Wannan maganar da abin da ke bayan hoton, daga ni sai kai. Kada ka gaya wa kowa sai sun fito.

*

Hanwa
2 ga Nuwamba

Amaryata Ƙauna,

Salama. Muna lafiya, an fara yankan dawa, gwiwa ma ta ji labarinki ta yi sauƙi.

Yarinya, kin kashe ni da daɗi. Ban iya jira in kai gida ba. Nan rumfar Maman Remi na zauna a kan buhun kifi na buɗe. Kin san ban iya karatu a zuci ba. Malam Bernard ya koya mana mu ɗora yatsa a layi, mu furta kowace kalma, kada ido ya riga baki. Ga shi kuma mai nauyin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Kafin in kai wurin sawun tarakta, masu sayen kifi sun daina ciniki, mai niƙa ya kashe injinsa. Hoton ya bi hannu ya fi goma. Wata mata ta ce kififiya ce ta ci ta ƙoshi.

Na juya bayansa na karanta musu: kututturen kwakwa na uku daga karyayyen kwalekwale, taku goma sha biyu zuwa wajen ruwa. Maman Remi ta dafe ƙirji. Ashe kwalekwalen mahaifinta ne, tun tana budurwa yake kwance a wurin. Har da ƙwalla. Nan take ta kira ƙanenta Lanre, wanda yake haɗo mata kifi daga can, tana ba shi labari da yarensu tana dariya, wai ga tsohon jirgin babansu ya shigo wasiƙa har Zariya.

Sai na dawo kan takardar don in ƙarasa, na sauko ƙasa, na karanta da ƙarfi cewa kada in gaya wa kowa. Rumfar ta kwashe da dariya har mai niƙa ya zauna a ƙasa. Na ji kunya kaɗan, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ce a raina, ina Zariya ina teku? Motar kwana biyu ce tsakani. Maman Remi kuma ta gida ce. Gobe ki riƙa sa irin wannan magana a sama, kin san angonki daga sama yake farawa.

Hoton yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Zabura. Ina ƙirga kwanakin da ƙwayar masara a gwangwani.

Angonki mai alfahari,
Mordecai

*

Bakin Teku
12 ga Nuwamba

Kaka,

Ina lafiya.

Tun kafin wasiƙarka ta iso na san an yi magana, ban dai san daga ina ba. Ranar uku ga wata muka tarar da ramuka biyu a bakin ruwa. Yanzu sun kai tara. Lanre ne da abokansa biyu, suna zuwa da sanda suna caka yashi. Abin da ya cece mu, babban ruwan da aka yi a ƙarshen Oktoba ya ja karyayyen kwalekwalen ya matsar da shi, sai ƙirgensu ya kauce. Amma kullum suna matsowa.

Ba na iya tsayawa gadi, domin inda na tsaya nan za su haƙa. Ko kallon wurin ba na yi. Baba Kehinde ya tambaye ni sau ɗaya wa na gaya wa. Na ce kakana. Ya ɗauki filafilinsa ya tafi. Tun ranar bai sake ɗaukata a jirgi ba.

Kada ka sake aiko mini da wasiƙa ta motar kifi.

Ƙauna

*

Samaru, ɗakin uwarki
17 ga Nuwamba

Ƙauna jikata,

Ina gaishe ki. Ba zan ce ina lafiya ba.

Wannan karon na kai takardarki gida kafin in buɗe, na rufe ƙofa. Na nemi angona a sama ban gani ba, na nemi amaryarka a ƙasa ban gani ba. Na karanta layin ƙarshe sau bakwai. Na gane. Wanda ya zubar da ruwan da aka ba shi ajiya ba ya tambayar dalilin da aka karɓe tulu.

Duk da haka na hau keke Napep na zo Samaru, ina rubuta wannan a kan teburin da uwarki take yanka albasa. Za ta ɗauki hotonta da waya ta tura miki. Kin hana ni mota, ba ki hana ni wannan ba. Idan ita ma kin hana, ki faɗa wa uwarki, zan daina.

Laifin nawa ne ni kaɗai. Ba na Malam Bernard ba ne, ba na inda kika sa maganar ba ne, ki yafe mini wannan ba'ar da na yi. Shekara arba'in ina Sabon Gari. Na san mai gyaran agogo daga Warri yake, mai sayar da gishiri daga Kalaba. Babu garin da ba shi da kunne a kasuwar nan. Na sani sarai, daɗi ne ya rufe mini ido. Ina so a ga Mordecai lebura yana karatu, a ga abin da jikarsa ta ɗauka.

Ki gaya wa Baba Kehinde ba ki karya alkawari ba. Kin ba tsoho ajiya ne, tsohon ya yi yarinta.

Masara ashirin da tara na jefa a gwangwani. Saura ashirin da wani abu. Ramukan sun kai ina?

Kakanki,
Mordecai

*

Samaru
24 ga Nuwamba

Ƙauna,

Salama. Uwarki ta ce saƙon makon jiya har yau bai nuna alamar ya shiga wayarki ba. Ta kira ya fi sau ashirin, a kashe. Callistus ya zo ranar Laraba hannu wofi. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce shi a Igbokoda yake lodi, amma ya ji ana cewa malamar makaranta ta yi cacar baki da samari a bakin ruwa. Uwarki ta bar tuwo ya kama a tukunya. Idan kina fushi da ni, ita ki yi mata magana.

Ga abin da na yi, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke.

Na koma wurin Maman Remi. Da farko ba ta ga abin damuwa ba. Ta ce ƙwai ne fa, da shi suka girma, kuma teku ba ta ƙarewa. Na ce mata ni ban san teku ba, ban zo musu a kanta ba. Na zo ne don yarinya ta ɗaga hannu ta yi wa dattijo alkawari a garin da ba ta da kowa, ni na karya mata shi a kan wannan buhun da take gani. Ta kore ƙuda daga kan kifi. Sai ta ce za ta kira Lanre ta hana shi. Na ce idan ta hana shi, abokansa fa? Ai wurin ya riga ya shiga kunne.

Na ba ta labarin gonar gwaji. Wata shekara an shuka sabon irin masara, ana jiran a auna shi, sai aka riƙa karya ana tafiya da shi. An ƙara masu gadi, bai hana ba. Kowa ya san wani Sati ne daga ƙauyen da ke bayan gonar, ba a dai taɓa kama shi ba. Na roƙi shugaban aikinmu ya bar ni in gwada wani abu. Na kira Sati da rana tsaka a gaban mai unguwarsu da mutane, na zagaya da shi gonar, na ce daga yau amanarka ce. Aka rubuta sunansa a allo aka kafa. A lokacin ni da shi babu mai iya karanta allon, amma duk mun san abin da ke jiki. Ko zangarniya ɗaya ba ta sake ɓata ba, domin idan ta ɓata an san ƙofar da za a buga.

Maman Remi ta yi dariya ta ce, “Baba, Lanre ba ya tsoron sarki, ba ya tsoron ɗan sanda. Ni yake tsoro, ni na goye shi. Sai kuma surukansa.”

Ashe yana neman auren 'yar wani tela a unguwar Jushi, kuma uwar yarinyar a rumfarta take sayen kifi duk Asabar. Ta ce idan kika ɗauki Lanre a tsaye kan ramin a gaban jama'a, ita za ta rataye hoton a saman rumfa inda kowa zai gani, da sunansa. Idan ƙwan ya ɓata, ba za ta sauke hoton ba.

Uwarki ta ce wannan ba wa kura ajiyar nama ne. Mai yiwuwa ta fi ni gaskiya. Mutumin da ya yi ɓarna ba shi da bakin ba da shawara, kuma idan kika nuna wurin babu komawa baya. Ke kike can, ke kika san mutanen. Amma sandarsu ba ta gajiya, kuma yashin ba shi da faɗin da za su yi mako biyu ba su dace ba.

Ki yi magana, ko kalma ɗaya.

Mordecai

*

Igbokoda
1 ga Disamba

Kaka,

Ina lafiya, ka kwantar da hankalin Mama, yanzu muka gama magana. Wayata ce ta faɗa ruwa ranar da na yi musu da samarin nan, ina ja da baya igiyar ruwa ta buge ni. Babu wanda ya taɓa ni. Kyamara na ɗaga sama, wayar ta tafi. Sai shekaranjiya aka gyara, wasiƙunka biyu suka shigo tare. A shagon mai gyaran na karanta, na juya wa mutane baya.

Wane ne ya ce na karɓe tulu? Wasiƙun da ke zuwa ta mota, daga hannun Callistus a rumfar Lanre suke kwana kafin su iso ni. Abin da na guda ke nan. Na yi fushi, gaskiya ne, shi ya sa ban tsaya yin bayani ba. Amma ban kore ka ba, tsoho.

Ranar Juma'a ramin da suka haƙa taku huɗu ne tsakaninsa da ƙwan. Na ƙirga da gefen ido ina wucewa kamar mai neman ƙaguwa.

Na je gidan Baba Kehinde na zauna a ƙofa har ya fito. Na fassara masa wasiƙunka duka biyu. Da na kai wurin allon Sati ya tsayar da ni, ya sa na maimaita. Ya ci gaba da gyaran komarsa ta kamun kifi. Sai ya ce, “Kakanki bai san teku ba, amma ya san ɓarawo.”

Jiya Lahadi bayan an tashi daga coci, ya tara mutane a bakin ruwa, har da shugaban masunta. Ya kira Lanre, ya kama hannunsa, ya kai shi kan wurin, ya kafa tsohon filafili a gefe. Ya ce abin da ke ƙarƙashin nan na Lanre ne ya tsare har su fito. Lanre ya dubi ramukansa, ya dubi filafilin, ya yi wata dariya da ban ji daɗinta ba. Ya ce ashe nan ne. Yayarsa ta riga ta kira shi, ya san da maganar hoto, har ya sa aka ba shi aron hula. Na ɗauke shi. Na tura wa Mama, a kai wa Amaechi ya wanke babba.

Yanzu duk ƙauyen sun sani. Saura kamar kwana goma. Kaka, da can idan aka haƙe, zan ce sun dace ne. Yanzu idan na tarar da rami, ni na nuna.

Ƙauna

*

Samaru
5 ga Disamba

Jikata Ƙauna,

Mun gode wa Allah da jin muryarki, ko da yake uwarki ce ta ji, ni na ga fuskarta ne kawai na gane.

Hoton yana rataye tun ranar Laraba. Amaechi ya wanke shi ya kai faɗin tire, ya sa masa gilashi. Ya ce a gaya miki kin bar rana a bayan mutum, fuskar ta yi duhu, amma ana gane shi. Ni na rubuta sunan a ƙasa da hannuna: Lanre, mai tsaron ƙwan kunkuru. Maman Remi ta rataye shi sama da kifin da ya fi tsada. Gobe Asabar surukar za ta zo.

Ni dai ban yarda da dariyar nan da kika ce ya yi ba. Sati bai yi dariya ba. Ina ta tunani ko na sake jefa ki a rami na biyu don in fita daga na farko.

Na roƙi Malam Bernard ya koya mini karatu a zuci. Ya ce in guntsi ruwa a baki in riƙe, in bi layi da ido. Na jiƙa littafin aji sau biyu. Jiya na kai rabin shafi ban haɗiye ba.

Masara arba'in da bakwai. Kowace safiya zan zo Samaru in zauna kusa da wayar uwarki.

Kakanki

*

Bakin Teku
13 ga Disamba

Angona,

Na sa a sama yadda ka ce: wannan ka karanta da ƙarfi, duk Sabon Gari su ji.

Sun fito. Kwana hamsin ya cika babu komai, hamsin da biyu babu komai, har na fara cewa sandar nan ta kashe su. Shekaranjiya yashin ya ɗan lotsa a tsakiya kamar an danna da kwano. Jiya da asuba Lanre ne da kansa ya buga mini ƙofa, ba hula, ba takalmi. Muka ruga.

Yashin yana motsi kamar tafasar kunu. Kai ɗaya ya leƙo, sai biyar, sai ban iya ƙirgawa ba. Kowane bai fi tafin hannun jariri ba, baƙi, yana ta fafutuka da hannuwa kamar an sa masa batir. Babu wanda ya nuna musu hanya, duk suka nufi ruwa. Ramukan da aka haƙa ne suka zama tarko, suna faɗawa ciki. Lanre da abokansa biyu suka durƙusa suna cike ramukansu da hannu, Baba Kehinde yana tsaye a kansu yana nuna wanda suka tsallake. Ya hana kowa ɗaukarsu, ya ce sai sun taka yashin da kansu za su san hanyar dawowa.

Ba duka suka kai ba. Shirwa ta ɗauki biyu a gabana, ƙaguwa ta ja ɗaya cikin raminta. Na ɗauki wannan ma, ko da yake ban so ba.

Da rana ta ɗaga Baba Kehinde ya tone wurin ya ƙirga ɓawo. Saba'in da ɗaya, da guda shida da ba su yi ba. Ya ce uwa mai wannan girma ba ta saka ƙasa da ɗari. Ya faɗa ne yana kallon Lanre. Lanre yana kallon teku. Ni dai ban tambaya ba. Saba'in da ɗaya, Kaka. Shekarunka.

Da za mu tashi Baba Kehinde ya ce gobe ruwa zai janye da wuri, masu jan baki suna tsibiri, idan ina so in zo da kyamarata. Ya ce a gaida tsohon.

Hoton yana tafe a motar kifi. Ban rubuta komai a bayansa ba.

Amaryarka,
Ƙauna

*

Hanwa, Sabon Gari
18 ga Disamba

Amaryata,

Lafiya lau, lafiya lau. Gwiwa ma ta yi rawa ba da izinina ba.

Uwarki ta ba ni labari tun ranar, amma na ce ban ji ba sai na gani a takarda. Jiya Callistus ya kawo. Na karɓa a rumfar Maman Remi, mutane suka taru kamar wancan karon, mai niƙa ya kashe inji. Na ce a ba ni ruwa. Na guntsa, na rufe baki, na buɗe wasiƙar, na ɗora ido a layin farko ba yatsa. Mako biyu ina wannan horo saboda wannan rana. Sai na ga abin da kika rubuta a sama.

Ruwan ya fita ta hanci, ya sauka a kan kifin mutane.

Na karanta musu duka, sau biyu. Da na zo wurin ƙirgen ɓawo, Maman Remi ta ɗaga kai ta dubi hoton ƙanenta, ta ce zai zo Kirsimeti gaida surukai, akwai lissafin da za su yi ita da shi a ɗaki. Amma ba ta sauke shi ba, ta ma goge gilashin da bakin zane.

Na juya bayan sabon hoton, fari fat. Na daɗe ina kallonsa. Shi ne rubutunki da na fi ganewa.

Masarar gwangwani hamsin da huɗu ce. Ba zan ba kaji ba. Idan damina ta faɗi zan shuka ta a bayan ɗaki, layi ɗaya, in kafa allo da sunanki. Wannan karon zan iya karantawa, kuma a zuci.

Angonki,
Mordecai